Rijiya ta bayar, kada guga ya hana: buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malaman kimiyyar kwamfuta da matasa masu rubuta manhaja a Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malamaina masu koyar da kimiyyar kwamfuta a jami'o'i da kwalejojin Kano, Allah ya ƙara muku daraja. Ƙannena masu rubuta manhaja, musamman ku da ke taruwa a ƙarshen mako kuna koya wa juna, sannunku da ƙoƙari. Ni mai gyaran kwamfuta ne. Na shafe shekaru ina ɗora wa mutane Linux, tsarin gudanar da kwamfuta da ake sakawa a madadin Windows, a kan tsofaffin kwamfutocin da Windows ta yi wa nauyi, kuma a wannan sana'ar na gane darajar manhajar da mai ita ya ce kowa ya zo ya ɗiba. Abin da ya sa na rubuto muku shi ne wata 'yar takarda da yawancinmu ba ma karantawa, wato lasisin da ake maƙala wa manhaja, mai fayyace abin da aka yarda a yi da ita. A kan idona wani aikin alheri ya mutu saboda ita, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Shekaru kaɗan da suka wuce, mu huɗu muka ƙulla niyyar haɗa jerin kalmomin Hausa da za a saka wa Hunspell, manhajar da ke duba kuskuren rubutu a LibreOffice (ta buga takardu) da Firefox (ta shiga intanet). Burinmu bai wuce a daina ja wa kowace kalmar Hausa jan layi ba. Da muka fara nema sai muka tarar ashe an riga mu, har sau uku.

Na farko wani ɗalibi ne. Ya rubuta 'yar manhaja mai fitar da jam'in sunaye da sauye-sauyen aikatau, aiki mai kyau ƙwarai, ya ɗora a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu. A saman kowane fayil an rubuta cewa yana ƙarƙashin lasisin GPL, bugu na biyu kaɗai. Ina kyautata zaton daga wani aikin ya kwafo layin bai lura da kalmar "kaɗai" ba. Mu kuwa namu aikin ya jingina da wani ɓangaren manhaja mai lasisin Apache 2.0, kuma waɗannan biyun ba a gwama su a manhaja ɗaya a raba wa jama'a. Mun neme shi ya sassauta mana, lambar wayarsa ta koma hannun wani, imel ɗinsa kuma shiru. Na biyu wasu masu bincike ne, sun saki nasu jerin da lasisin Creative Commons (CC a taƙaice) mai alamar NC, wanda ya hana a yi amfani da shi a harkar kasuwanci. Na uku shi ne mafi inganci. Wani dattijo, tsohon malamin Hausa, ya yi shekaru yana tara kalmomi da hannunsa, ƙ da ɗ da ɓ kowanne a mazauninsa. Ya miƙo mana a filas ya ce, "Ku je ku yi amfani da shi, sadaka ce." Ba mu rubuta komai ba, don kunya ba za ta bar mu mu ce wa dattijo ya sa hannu a takarda ba. Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama. Da lokacin sakin aikin ya yi, aikinsa ya riga ya zama gado. Wasu magada suka amince, wasu suka ce a dakata, kuma haƙƙinsu ne su faɗi haka. Manyan ayyukan da muke so su karɓi jerin ba sa karɓar "ai ya ce mana". Haka muka zauna da rijiyoyi uku a gabanmu, ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Babu ko ɗaya cikin mutanen nan da ya yi nufin hana irinmu. Dukkansu bayarwa suka yi. Dokar haƙƙin mallaka ce ba ta duba niyya. Dokar Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana lissafa manhaja cikin ayyukan rubutu, kuma kariyar tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Wanda ya ɗora aikinsa a intanet bai maƙala masa lasisi ba, a idon doka ya bar mutane su kalla ne kawai. Ƙannena, ku duba ayyukanku da ke GitHub yau, ku ƙirga nawa ne ke cikin wannan hali.

Mu Hausawa mun yi dace ta wani gefen. Masu Ingilishi kalma ɗaya suke da ita, wato "free", ga 'yanci da kyauta, shi ya sa tun da Richard Stallman ya fara aikin GNU na haɗa manhajoji masu 'yanci a 1983, ya kuma kafa gidauniyar FSF, mai fitar da lasisin GPL, a 1985, suke fama da bayanin cewa ba maganar kuɗi suke yi ba. A harshenmu kuwa kowa ya san kyauta daban, 'yanci daban. Manhaja mai 'yanci ita ce wadda za ka yi aiki da ita yadda ka so, ka buɗe cikinta ka karanta ka gyara, ka ba wani, ka kuma raba gyaran da ka yi. Sayar da ita ma bai haramta ba. Sannan muna da wani abu a gidanmu da ya fi kowane misali kusa da lasisin GPL, wato waƙafi. Mutum ya haƙa rijiya ya ce ta jama'a ce, da sharaɗin kada wani ya kewaye ta ya mai da ita tasa. GPL ma haka take cewa: ɗauki, gyara, amma in za ka ba wani, ka ba shi da irin 'yancin da ka samu, kada ka ƙara masa wani takunkumi. Malaman fiƙihu suna cewa sharaɗin mai waƙafi kamar nassi yake, ba a tsallake shi. Daga nan matsalar jituwa take tasowa. Idan mai waƙafi na farko ya ce kada a ƙara ko sharaɗi ɗaya, na biyu kuma ya zo da wani ƙaramin sharaɗi nasa, to ba a haɗa dukiyar biyu wuri ɗaya, ko da dukkansu don Allah suka yi. Apache 2.0, da ya fito a 2004, yana da sharuɗɗa game da rajistar ƙirƙira (patent) waɗanda babu su a GPL bugu na biyu, wanda ya fito tun 1991. Wannan kaɗai ya raba su. Haka tsarin ajiyar fayil na ZFS, wanda kamfanin Sun ya saki a 2005 da lasisin CDDL, har yau bai shiga cikin ƙwayar Linux ta asali, wato zuciyar tsarin, ba, duk da kowannensu manhaja ce mai 'yanci.

Gyara irin wannan ɓaraka yana cikin abin da ya sa aka sake duba GPL. An fitar da daftarin farko na bugu na uku a Janairun 2006, Stallman da lauya Eben Moglen ne a gaba, aka yi kusan shekara ɗaya da rabi ana muhawara a fili, daftari huɗu, kafin a sake shi ranar 29 ga Yunin 2007. An samu nasarori da ba a jayayya a kansu. Yanzu ana iya ɗauko aiki mai lasisin Apache 2.0 a zuba cikin manhajar GPL bugu na uku. An yi maganin yarjejeniyoyin rajistar ƙirƙira irin wadda Microsoft da Novell suka ƙulla a Nuwamban 2006. An kuma sassauta hukunci: a bugu na biyu da ka karya sharaɗi lasisinka ya faɗi nan take, a na uku kuwa wanda ya yi kuskuren farko yana da kwana 30 ya gyara bayan an sanar da shi.

Inda aka yi baran-baran shi ne maganar kulle na'ura. Wani kamfani a Amurka mai suna TiVo yana ƙera akwatin naɗar shirye-shiryen talabijin, Linux ce a ciki. Suna bayar da asalin rubutun manhajar kamar yadda lasisi ya ce, amma akwatin ba ya tashi da duk wani gyara da ba su suka sa masa hatimi ba. Stallman ya ga wannan a matsayin ba ka 'yanci a takarda a ƙwace shi a aikace, don haka bugu na uku ya wajabta wa mai sayar wa jama'a irin wannan na'ura ya ba su hanyar ɗora gyaransu. Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, ya ƙi. A ganinsa cinikin mai sauƙi ne: na ba ka rubutuna, ka dawo mini da gyaranka, abin da ka yi da ƙarfen da ka ƙera ba hurumin lasisin manhaja ba ne. A Satumban 2006 wasu manyan masu aikin ƙwayar Linux suka fitar da takardar adawa da daftarin. Linux ta tsaya a bugu na biyu kaɗai har yau. Sakamakon shi ne GPL ta biyu zalla da GPL ta uku, 'yan gida ɗaya, ba sa haɗuwa a manhaja ɗaya. Wasu kamfanoni kuma suka guje wa sabon bugun. Apple ya daskarar da bash, manhajar ba wa kwamfuta umarni a rubuce, a tsohon bugunta mai GPL ta biyu tsawon shekaru, har ya mai da wata mai suna zsh madadinta a 2019.

Wani zai ce wannan rigimar Turawa ce, ina ruwan Kano. Ya leƙa Farm Centre ko Beirut Road ya tsaya kusa da yaran da ke yi wa waya filashin. Kowace wayar Android da ke kan teburinsu ƙwayar Linux ce a cikinta. Waya lafiyarta ƙalau, allo garau, batir sabo, amma kamfani ya daina aiko mata sabuntawa, manhajar banki ta fara ƙin buɗewa. Wasu kamfanoni suna bari a buɗe makullin a ɗora mata wani tsarin, wasu ba sa bari. In an dace da mai kulle, yaron nan da ke da basirar raya ta sai dai ya cire allo da batir ya jefa sauran a kwali. Talakan da ya tara kuɗin wayar da guminsa shi ne ya yi asara. A wannan gaɓar zuciyata tana tare da Stallman, kuma ba na ɓoyewa. Wanda yake canza waya duk shekara biyu ba zai ji zafin kulle ba kamar mu da muke cin moriyar na hannu har sai ya ƙare.

Amma ba don in sa ku zaɓi gwani tsakanin mutanen biyu na rubuto ba. Abin da na fi so ku riƙe daga rigimar shi ne wasu 'yan kalmomi da ake rubutawa bayan lambar bugu: "ko duk wani bugu da zai biyo baya". Ku dubi abin da suka yi wa Wikipedia. Da farko rubuce-rubucenta suna ƙarƙashin GFDL, lasisin da aka tsara domin littattafan bayanin manhaja, mai nauyi, wanda ba ya jituwa da na Creative Commons. Mutanen da suka yi rubutu a cikinta ba su ƙirguwa, ba yadda za a bi su ɗaya bayan ɗaya. Da yake sun yarda da bugun da zai biyo baya, FSF ta fitar da GFDL 1.3 a Nuwamban 2008 da wata ƙofa ta musamman, jama'ar Wikipedia suka kaɗa ƙuri'a, a 2009 aka koma CC BY-SA. Masu rubutu a Wikipedia ta Hausa a yau suna cin gajiyar wannan ƙofar. Ku kwatanta da OpenStreetMap, taswirar da unguwanninmu ma suke ciki. Da suka so komawa wani lasisi mai suna ODbL sai da suka nemi amincewar kowane mai gudummawa, kuma a 2012 aka goge aikin waɗanda suka ƙi ko ba a same su ba. OpenSSL, da ke tsare sirrin hulɗa a intanet, ta bayyana niyyar sauya lasisi a 2015, ba ta kai ga sakin bugun 3.0 da Apache 2.0 ba sai Satumban 2021. Waɗannan manyan ayyuka ne masu lauyoyi da kuɗi. Mu da lambar waya kan canza hannu, imel ɗin makaranta kan mutu da an gama karatu, wa zai bi mana sawun mutum ashirin bayan shekara goma?

Na san hujjar masu cewa "kaɗai", kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa yarda da bugun da ba a rubuta ba tamkar sa hannu ne a farar takarda. Gidauniya mutane ne, mutane kuma suna canzawa. Tsoron nasu ya ƙara ƙarfi da abin da kamfanoni suka yi a 'yan shekarun nan, ko da yake ta wata hanyar daban ce. Kamfanin HashiCorp ya janye manhajarsa Terraform daga lasisin 'yanci a Agustan 2023, kamfanin Redis ya yi irin haka a Maris na 2024. Jama'a suka ɓalle suka kafa madadinsu, OpenTofu da Valkey, daga bugun ƙarshe mai 'yanci, daga baya a 2025 Redis ya ƙara AGPL, lasisin 'yanci ɗan gidan GPL, cikin zaɓinsa. Darasin da na ɗauka shi ne a yi hattara da duk takardar da za ta tattara ikon sauya lasisi a hannun kamfani guda. Sai dai "ko wanda zai biyo baya" ba irin wannan ba ce. Bugun da ka saki aikinka da shi yana nan, ba mai iya janye shi daga hannun jama'a, kuma GPL da kanta ta yi alkawarin sabon bugu zai kasance a kan ruhin na baya. Wanda duk da haka bai natsu ba, sashe na 14 na bugu na uku ya ba shi mafita irin tamu: ya naɗa wakili da zai yanke ko a karɓi sabon bugu ko a'a, kamar yadda mai waƙafi ke naɗa naziri. Masu aikin KDE, wani babban aikin manhaja mai 'yanci, sun daɗe suna bin wannan hanya, ƙungiyarsu ce wakiliya. Babu abin da zai hana masu aikin manhajar Hausa su yi rajistar ƙungiya guda ta riƙe wannan amana.

Game da alamar NC kuwa, ina roƙon masu bincikenmu su sake tunani. Na fahimci abin da ke ransu, ba sa so wani babban kamfani ya kwashe wahalarsu ya yi kuɗi da ita. Amma a aikace wanda alamar ta fi tarewa shi ne na gida. Wikipedia ba ta karɓar abu mai NC, Debian, ɗaya daga manyan nau'o'in Linux, ita ma ba ta karɓa. Matashin da ke son ƙera kibod ɗin Hausa ya sayar a ɗan kuɗi kaɗan, ko mai shagon buga takardu da ke karɓar kuɗin aiki, su ne za su tsaya suna shakka. Kalmomin Hausa gadon kowa ne, tarawa da tsarawa ne aikin mai bincike. Muryoyin Hausa da ake tarawa a Common Voice na Mozilla, masu Firefox, an sake su da CC0, wato an bar wa jama'a ba sharaɗi, shi ya sa kowa ke iya gina abu a kansu. Wanda ke son a ambaci sunansa, kuma haƙƙinsa ne, CC BY ta ishe shi. Wanda ke son duk abin da aka gina a kai ya zauna a buɗe ya ɗauki CC BY-SA 4.0, wadda tun 2015 aka amince a iya shigar da ita cikin aikin GPL bugu na uku.

Akwai kuma wani abu da na fara gani a wajen ƙannenmu masu kishin addini, wato rubuta lasisin kansu, ko ƙara layi a ƙasan na mutane cewa kada a yi amfani da manhajar wajen saɓon Allah. Niyyar tana da kyau, Allah ya ba da lada. Amma an taɓa gwada irinta. Wani lasisi da ake kira lasisin JSON yana da jimla guda da ke cewa a yi amfani da manhajar wajen alheri banda sharri, kuma wannan jimlar ta sa FSF ta ce ba lasisin 'yanci ba ne, manyan ayyuka suka riƙa cire duk abin da ke ɗauke da ita, domin ba wanda zai iya faɗin wace kotu za ta fayyace sharri. Mugu ba ya karanta lasisi, mai kiyaye doka ne kawai layin zai kora. Ka rubuta nasiharka a fayil ɗin gabatarwa, ka bar lasisin yadda masu shi suka tsara shi.

Malamaina, Allah ya gafarta muku, a wajenku roƙona ya fi nauyi, domin tun ran gini tun ran zane. Ba sabon kwas nake nema ba. Awa biyu ko uku a cikin darasin injiniyancin manhaja sun isa ɗalibi ya san bambancin lasisan MIT da Apache da MPL da GPL, ya san wanne ke shiga cikin wanne, ya kuma san cewa hanyar sau da yawa ɗaya ce: ana zuba MIT cikin GPL, ba a juyo da GPL a mai da ita MIT. Ranar kare furojet, cikin tambayoyin da ake yi wa ɗalibi a ƙara guda: ɓangarorin da ka aro, mene ne lasisinsu, naka kuma wanne ka sa? Sannan makaranta ta fayyace a rubuce wa ke da furojet ɗin, ɗalibi ko ita, don ɗalibi ba zai yi waƙafi da abin da bai tabbata nasa ba ne. Duk shekara ana rubuta manhajar asibiti, ta makaranta, ta lissafin gado da zakka, a ɗaure a kundi a ajiye, na bana ya sake farawa daga inda na bara ya fara. Da fayil ɗin lasisi guda da ya ɗora daga inda aka tsaya.

Ina kuma roƙon ku haɗa kai da abokan aikinku na sashen shari'a da na harsunan Najeriya a rubuta bayanin waɗannan lasisai da Hausa. FSF ba ta ɗaukar fassara a matsayin mai ƙarfin doka, na Ingilishi kaɗai take tsaya wa, amma ta yarda a yi fassarar fahimta. Da muna da shafi ɗaya na Hausa mai cewa "na yarda kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba", da mun karanta wa dattijon nan a zaurensa, kuma na san da farin ciki zai sa hannu.

Mu huɗun nan mun sake farawa daga tushe. Kalma ɗaya ba mu ɗauko daga ayyukan nan uku ba. Sabon jerin yana ƙarƙashin CC0, 'yar manhajar da ke tare da shi kuma GPL bugu na uku ko wanda zai biyo baya. Mun sayi littafi mai bango mai ƙarfi, duk wanda ya kawo kalmomi sai ya rubuta sunansa da kwanan wata da amincewarsa kafin mu karɓa, ko abokinmu ne, ko malaminmu. Aikin yana tafiya a hankali, mun kai harafin ƙ. Idan ɗalibin nan mai manhajar jam'i ya ci karo da wannan wasiƙa, ya sani har yanzu muna nemansa, kuma layi ɗaya kawai muke so ya gyara a saman fayilolinsa.

Allah ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.

Naku,
wani mai gyaran kwamfuta a birnin Kano